Aikin Hunturu: Yadda 'Yan Sa Kai Suke Raya Tsofaffin Taragun Jirgin Ƙasa a Birtaniya



Zancen da muka zo da shi yau na wata ƙasa ne mai nisa, kuma a kan wani aiki ne wanda ba a yi masa kiɗa. Watau aikin da waɗansu mutane a Birtaniya suke yi cikin tsananin hunturu, ba tare da an biya su ko kwabo ba, na gyaran tsofaffin taragun jirgin ƙasa waɗanda hukumar reluwe ta daɗe da yar da su. Wataƙila wani ya ce, ina ruwanmu da tsohon tarago a ƙasar Turawa? Muna roƙo a yi haƙuri a saurara, domin da yawa daga cikinmu nan da shekara biyu ko uku za a danƙa musu mabuɗan sito da motocin ofis da gine-ginen jama'a, kuma tambayar da waɗannan mutane suka amsa ita ce za ta tare mu a bakin ƙofa: wa zai kula da abu bayan an gama bikin buɗe shi?

Bari mu fara da asalin al'amarin. A ƙasar Wales akwai wani ɗan siririn layin dogo mai suna Talyllyn, wanda tsawonsa a yau mil 7 ne da 'yan kai. An shimfiɗa shi a 1865 don sauko da dutsen allo daga mahaƙa zuwa garin Tywyn na bakin teku, ya kuma fara ɗaukar fasinja a 1866. Mahaƙar ta rufe a 1946, mai layin kuma, Sir Henry Haydn Jones, ya rasu a 1950. Kowa ya ɗauka ƙarshen layin ke nan, saura a sayar wa 'yan gwangwan da ƙarafan. Sai wani injiniya marubuci, Tom Rolt, shi da abokansa, suka kira taro a birnin Birmingham cikin watan Oktoba na 1950, suka kafa ƙungiya, aka miƙa musu layin. Ran 14 ga Mayu, 1951, jirginsu na farko ya tashi. Wannan shi ne layin dogo na farko a duniya da 'yan sa kai suka ceta suka ci gaba da tafiyar da shi, kuma taragun fasinja 4 da taragon gadi 1 waɗanda layin ya fara aiki da su tun shekarun 1860 suna nan har yanzu, ana fito da su a ranaku na musamman.

Abin da ya fara a Wales bai daɗe ba ya bazu. A 1960 wata ƙungiya ta buɗe layin Bluebell a yankin Sussex na kudancin Ingila. A 1963 Dokta Richard Beeching, shugaban hukumar reluwe ta Birtaniya, ya fitar da rahoton da ya ba da shawarar a rufe tashoshi 2,363 da layi mai tsawon mil 5,000 saboda ba sa kawo riba. A watan Agusta na 1968 kuma hukumar ta daina aiki da kan jirgi mai tururi a manyan layukanta. Kayan aiki suka yi ta zuba a kasuwar 'yan gwangwan, jama'ar gari kuma suka yi ta haɗa kuɗi suna sayen abin da ƙarfinsu ya kai. Yau akwai irin waɗannan layuka fiye da 100 a ƙasar. Ƙungiyar da ta haɗa kansu, Heritage Railway Association, a ƙididdigar da ta bayar kafin annobar korona ta 2020, ta nuna masu aikin sa kai sun haura 20,000, baƙi masu ziyara kuwa kimanin miliyan 13 a shekara.

To, duk wanda ya ga hoton irin wannan jirgi, kan jirgin yake kallo, da hayaƙinsa da ƙugin da yake yi. Shi ake ɗauka hoto, shi ake ba wa suna, shi ne kuma ya fi saurin samun gudummawa. Alhali kuwa fasinja a cikin tarago yake zaune. Tarago ne ke ɗauke da rayukan mutane, kuma kujerunsa ne ake sayar wa tikiti. Layin da ke da kan jirgi goma ba shi da tarago mai lafiya, ba shi da abin da zai ci. Saboda haka muka zaɓi mu yi magana a kan masu gyaran tarago, waɗanda ba kasafai ake ambatonsu ba.

Me ya sa sai da hunturu? Dalilin a fili yake. Yawancin layukan suna jigilar masu yawon buɗe ido ne daga wajen watan Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sai kuma jiragen yara na lokacin Kirsimeti a watan Disamba. Cikin waɗannan watanni kowane tarago mai lafiya yana bisa dogo yana neman kuɗi, ba a iya tsayar da shi mako uku don a kwance shi. Janairu da Fabrairu ne ake rufe tashoshi, a lokacin ne ake samun sarari. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai kuma lokacin da aka samu sararin shi ne mafi wuyar aiki a shekara. Rana takan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu na yamma. Ƙarfe yakan yi sanyin da hannu ba ya jure riƙe shi. Fenti ba ya bushewa da kyau cikin sanyi da laima, har akan shafa shi da yamma a wayi gari raɓa ta dusashe shi, a koma a goge a sake. Hunturunsu ba irin namu ba ne na busasshiyar iska da ƙura, nasu na ruwa ne da hazo da dusar ƙanƙara.

Babban abokin gaban tarago a can ruwa ne. Tsohon tarago na katako rufinsa alluna ne da aka jera, aka shimfiɗa musu zane mai kauri irin na tamfol, aka bi shi da fenti. In zanen ya tsufa ya tsage, ko da tsagar ba ta fi tsinin allura ba, ruwa ya sami hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan yakan gangara ta bayan bangon tarago inda ido ba ya gani, ya taru a gindin ginshiƙan ƙofa da ƙasan taga, katako ya yi ta ruɓewa shekara da shekaru alhali daga waje yana ta sheƙi. Daɗin daɗawa, ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kimanin kashi 9 cikin 100, saboda haka ɗigon da ya shiga ƙaramar tsaga da rana, da dare ya zama ƙanƙara ya buɗa ta. Wannan ne ya sa aikin farko da shigowar sanyi shi ne a tsiyaye duk ruwan da ke cikin tankunan bayan gida da bututun ɗumama tarago, don kada su fashe, a kuma share indararon rufi daga ganyen da ya toshe shi.

Taragun ƙarfe ma ba su tsira ba. Yawancin layukan sun dogara ne ga wani samfuri da ake kira Mark 1, wanda hukumar reluwe ta fara ƙerawa a 1951 har zuwa farkon shekarun 1960. Ƙaraminsu yanzu ya haura shekara 60. Cutarsu tsatsa ce, musamman a ƙasan tagogi, da kusurwoyi, da ƙarshen tarago inda ginshiƙan da ke kare fasinja in an yi karo suke. Maganinta ɗaya ne, a yanke ƙarfen da ya ci, a ƙera sabo daidai da shi, a yi walda. Waɗansu daga cikin taragun wancan zamani kuma an cusa musu asbesto a bango don tsare zafi, wanda ƙurarsa ke jawo mugun ciwon huhu, don haka doka ba ta yarda ɗan sa kai ya taɓa mafi haɗarinsa ba, sai an kira kamfani mai lasisi an biya.

Daga nan sai a shiga ƙarƙashin tarago. Akan ɗaga shi da jak a cikin loko, a turo ƙafafunsa waje, a auna yadda bakin ƙafar ya cinye, a duba sifirin, a duba gatarin ƙafa da na'ura ko akwai tsaga a ciki, a canja mai da giris. Sa'an nan a koma kan birki. Yawancin tsofaffin taragun nan birkinsu da zuƙar iska yake aiki. Akwai bututu ɗaya da ya ratsa jirgin tun daga kai har wutsiya, kan jirgi yana zuƙe iskar da ke cikinsa. Muddin babu iska a ciki birki a sake yake, iska na shiga birki ya kama. Hikimar ita ce, in tarago ya tsinke daga jirgi bututun ya yanke, iska za ta shiga da kanta, kowane ɓangare ya tsaya. An tilasta sa birki mai kama kansa a jiragen fasinja ne da dokar 1889, bayan haɗarin Armagh a ƙasar Ayilan cikin wannan shekara, inda taragun da aka kwance a kan tudu suka gangaro da baya suka yi karo da wani jirgi, mutum 80 suka mutu, da yawansu yara. Mutumin da ya kwanta a ƙarƙashin tarago cikin sanyin Janairu yana canja robar bututu, wannan tarihi ne yake tsarewa kada ya maimaitu.

A ciki kuwa akwai masu ɗinkin kushin, da masu gyaran makullin ƙofa, da masu goge tagulla, da masu rubuta lambobi da haruffa da hannu. Taragun da aka yi da katakon tik, irin na kamfanin LNER na zamanin injiniya Sir Nigel Gresley, ba a rufe su da fenti, man sheƙi ake shafa musu don ƙirar katakon ta fito. A shafa, a bari ya bushe, a bi shi da samfefa mai laushi, a sake shafawa, wani lokaci har sau goma. Bayan 'yan shekaru kuma a maimaita, domin in aka bari ya fashe ruwa ya shiga, katakon ya yi baƙi.

Wannan duka gyara ne na shekara-shekara. Akwai kuma babban aiki na tayar da wanda ya riga ya mutu. Layin Bluebell ya sayi taragu 4 na katako a 1961, waɗanda aka ƙera wa kamfanin Metropolitan na Landan tsakanin 1898 da 1900. Sun yi aiki 'yan shekaru suka gaji, aka ajiye su. A farkon shekarun 1990 wata ƙaramar ƙungiyar 'yan sa kai ta ɗauki nauyinsu, ba a gama na huɗun ba sai a 2006. A watan Janairu na 2013, da ake bikin cikar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan shekara 150, taragun nan ne suka ɗauki fasinja suka ratsa ƙarƙashin birnin, kan jirgi mai tururi yana jan su. A tsibirin Isle of Wight kuwa, a da in tarago ya tsufa sai a cire masa ƙafafu a sayar da gangar jikin, wani ya mai da shi akurkin kaji, wani ɗakin ajiya, wani ma gidan kwana. 'Yan sa kai na layin tsibirin sun bi gonaki da bakin teku suna karɓo su, suna ɗora su bisa wani gindin ƙarfe, suna mai da su yadda suke. A cikinsu akwai wanda aka ƙera tun 1864.

Su waye masu wannan aiki? Akwai tsofaffin ma'aikatan reluwe da kafintoci da maƙera waɗanda suka yi ritaya. Akwai malaman makaranta, da akawu, da likitoci, da ɗalibai irinmu, maza da mata. A bakin aiki ba a duba muƙamin da mutum ya baro a ofis. Mai digiri yakan shafe wuni yana kankare tsohon fenti a ƙarƙashin umurnin wanda bai wuce firamare ba, don shi ne ya san katako. Mu da muka tashi muka ga aikin gayya ba za mu yi mamakin mutum ya yi wa jama'a aiki kyauta ba. Bambancin shi ne gayya ta wuni ɗaya ce, a yi kiɗa a ci tuwo a watse, wannan kuwa gayya ce da ake komawa kowace Asabar har shekara goma sha biyar, kuma an rubuta ta. Kowane tarago yana da fayil, an san ranar da aka duba shi, da wanda ya duba, da abin da ya gani, da sa hannunsa.

Kada a ɗauka komai lafiya lau yake. Matsala ta farko ita ce ta tsaron rayuka. Hukumar da ke sa ido a kan manyan jiragen ƙasar, Office of Rail and Road, ita ce ke sa ido a kan waɗannan, kuma kasancewar mutum ɗan sa kai ba ya zama uzuri. A 2017, a wani layi na kudu maso yammacin Ingila, an sa wani tarago cikin jirgi alhali an cire daɓen bayan gidansa don gyara. Wani ƙaramin yaro ya buɗe ƙofar, saura kaɗan ya faɗa kan ƙafafun jirgi, mahaifiyarsa ce ta fizgo shi. Kotu ta ci layin tarar fam 40,000 a 2018. Kyakkyawar niyya ba ta ɗaure noti.

Ta biyu ita ce rashin rumfa. Taragon da aka shafe shekara goma ana gyara, in aka bar shi a fili ruwa da rana suna dukansa, cikin 'yan shekaru zai koma gidan jiya. Saboda haka layuka da dama suka gane cewa gina rumfar ajiya ya fi sayen wani sabon kan jirgi amfani, ko da yake rumfa ba ta burge mai ba da gudummawa. Rumfa kuma tana tsare ɓarna. A watan Yuli na 2017 waɗansu matasa suka shiga taragun katakon tik 8 na layin North Yorkshire Moors da aka ajiye kusa da garin Pickering, suka farfasa tagogi da fitilu, suka yayyaga kujeru. Aikin shekaru ya lalace a dare ɗaya, sai da jama'a suka sake tara kuɗi.

Ta uku ita ce tsufa. Da yawa daga masu aikin furfura ta cika kansu, kuma sana'ar haɗa gangar tarago da katako ba a koyar da ita a masana'antun zamani. Duk tsohon da ya tafi bai koya wa yaro ba, ya tafi da abin da babu shi a littafi. Shi ya sa manyan layukan suke ɗaukar 'yan koyo suna biyansu, suna haɗa su da tsofaffi.

Akwai kuma gardama da ba ta ƙarewa a tsakaninsu, wadda muke ganin ta dace da masu nazarin tarihi a cikinmu. In aka canja rufin tarago, aka canja ginshiƙai, aka ɗora shi bisa gindin wani, shin har yanzu shi ne na 1864? Waɗansu suna cewa a bar shi a ɗakin tarihi da ainihin katakonsa, kada a taɓa. Waɗansu kuma suna cewa taragon da ba ya tafiya akwati ne kawai, kuma tun a zamanin aikinsa ma canja masa sassa ake yi. Mu dai ra'ayinmu, wanda babu irinsa a duniya a adana shi a rage fito da shi, wanda ake da irinsa da yawa a gyara a yi aiki da shi, kuma duk abin da aka canja a rubuta, don na baya ya san wane ne na asali.

Yanzu bari mu matso kusa da gida, domin zancen ya taɓa yammacin Afirka kai tsaye. Da aka rufe layin dogon Saliyo a 1974, 'yan sa kai na layin Welshpool and Llanfair a Wales suka je a 1975 suka sayo kan jirgi ɗaya da taragu 4, suka kai su ƙasarsu suka yi aiki da su. Abin da ya rage aka bar shi a tsohon loko na Cline Town a Freetown, ya tsallake yaƙin basasa, har aka buɗe gidan tarihin reluwe da shi a 2005. A nan Nijeriya jirgi ya iso Kano a 1911, shi ne ya kwashi gyaɗa da auduga da fatu, shi ne ya raya garuruwa da dama a bakin dogo. Ɗan siririn layin da ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru an rufe shi a 1957, abin da ya tsira daga kayansa yana ajiye a harabar gidan tarihi na Jos. A Legas kuma ƙungiyar sa kai ta Legacy 1995 ta gyara gidan Jaekel da ke cikin harabar reluwe a Ebute Metta ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi. Ashe ba a rasa masu wannan tunani a cikinmu ba, ƙaranci suka yi. Duk wanda ya bi ta tsofaffin tashoshinmu ya ga taragu a tsaye ciyawa ta fito ta tagoginsu. Namu abokan gaban su ne ruwan damina, da gara, da zafin rana, da busasshiyar iskar hunturu mai tsaga katako. Lokacin aikinmu kuwa rani ne, kuma ya fi nasu tsawo da haske.

Saboda haka muna kawo shawarwari uku. Ta farko, ɗaliban tarihi da na injiniya su haɗu, su nemi izinin hukumar reluwe a rubuce, su ziyarci tashar da ta fi kusa, su ƙirga tsofaffin taragun da ke nan, su ɗauki hotonsu, su rubuta lambarsu da sunan kamfanin da ya ƙera su da shekarar da ke jikin farantinsu. Abin da ba a rubuta ba, in ya ɓace babu wanda zai yi cigiyarsa. Ta biyu, a nemi tsofaffin ma'aikatan loko da suka yi ritaya, a zauna da su, a naɗi bayaninsu tun suna raye, domin da tsohuwar zuma ake magani. Ta uku, ga 'yan'uwanmu da suka riga suka kama aikin gwamnati, in an zo tsara kasafin ofis, ku tsaya wa kuɗin gyara kamar yadda ake tsaya wa kuɗin sayen sabo, ku kuma buɗe wa kowace mota da kowane inji fayil, a riƙa sa hannu. Kwanon rufi ɗaya da aka canja kafin damina ya fi kwamitin bincike bayan gini ya rushe arha.

Shugaban taro, a nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi.